Numfashin Mota a Tsaye

Mutane sun saba auna lafiyar mota da gudunta. In ta hau kwalta tana shara gudu ba gargada, sai a ce inji garau yake. Tsofaffin direbobi kuwa ba a nan suke sauraron inji ba. Sukan jira sai mota ta tsaya, an ɗauke ƙafa daga totur, an fitar da giya, sannan su kasa kunne. A wannan hali, wanda makanikan Kano da Katsina ke kira silo, na Maraɗi da Yamai kuma ke kira ralanti, inji yana juyawa ne da ƴar iskar da ba ta taka kara ta karya ba. Saboda ƙanƙantar iskar nan, duk abin da ya rage ta ko ya ƙara ta nan da nan yakan bayyana a muryar inji.

Akwai wani dattijo a Damagaram da ya yi suna wajen wannan sauraro. Ya shafe shekaru masu yawa yana jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Kano ta hanyar Matamaye da Daura, da Peugeot 504, wadda bakin jama'a ya mayar Fijo, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Mota ce mai kafireta. In silonta ya faɗi, sai ya ɗaga bonet, ya sa sukudireba a kan wani ɗan sukuru, ya murɗa kaɗan yana saurare har muryar inji ta daidaita. A tasha, samarin direbobi shi suke kira in mota ta gagare su. Da girma ya kama shi, doguwar tafiya ta fara yi masa nauyi, sai ƴaƴansa suka haɗa kuɗi suka saya masa Toyota Corolla ƙirar ƙarshen shekarun 1990, ƴar Kwatano, don ya riƙa ɗan aiki a cikin gari. Da ita yake kai yaran wasu gidaje makaranta ana biyansa wata-wata, kuma da kuɗin nan tukunyar gidansa ke tafasa.

Bayan hunturu na biyu motar ta soma wani hali. A kan hanya lafiya lau take, amma da ya taka birki a mararraba sai allurar da ke nuna juyin inji ta nutse, motar ta yi kakari, wani lokaci ta mutu murus. Da safe kuwa sai inji ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki. Ya kai ta gareji, aka sauya fulogi, waɗanda a can ake kira buji, ba ta daina ba. Wani ya ce laifin man kwalba ne na bakin hanya, ya koma sayen mai a gidan mai kaɗai, ba ta daina ba. Wani ya ɗaure wayar totur ta yi tauri, motar ta bar mutuwa, amma ta koma kuka a tsaye tana zuƙar mai kamar rariya, sai da aka sassauta. Na ƙarshe ya ce a sayi sabon kaya ɗungum, kuɗin kuwa ya kusa cinye abin da motar ke kawowa a wata. Ana cikin haka ta mutu a tsakiyar hanya da yara shida a ciki, sai da masu wucewa suka tura ta gefe. Da maraice mahaifin biyu daga cikin yaran ya zo har gida, ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya ce in haka ta sake faruwa zai nemi wata mota. Maganar kuɗi ta dami dattijon, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ɗaga bonet ya rasa inda zai sa sukudireba.

Autansa, wanda ke karatun lantarki a wata makarantar koyon sana'a, ya zo hutu a makon. Yana da littafin gyaran irin motar a wayarsa, da Faransanci. Uban ba ya jin Faransanci, ɗan kuma bai taɓa kwance ko noti ɗaya a jikin inji ba. Ba su da wata mafita sai ɗan ya juya abin da ke cikin littafin zuwa Hausar da uban zai gane, uban kuma ya juya bayanin zuwa aikin hannu.

Abin da ɗan ya fara bayyanawa shi ne, injin fetur ya fi cin iska a kan mai. Don konewa ta cika, ana bukatar awon iska 14.7 ga kowane awo ɗaya na fetur, in an auna da nauyi. Direba yana zaton mai yake ba mota in ya taka totur, alhali ƙofar iska yake buɗewa. A motar kafireta iskar ce ke jawo mai da kanta yayin wucewa. A motocin da suka biyo baya, ƙwaƙwalwar mota ce ke ƙiyasta yawan iskar da ta shiga, ta umarci nozul-nozul su fesa man da ya dace da ita. Kamfanin Bosch ya fitar da irin wannan tsari na lantarki tun 1967, amma dokokin rage hayaƙi da Turai ta kafa a farkon shekarun 1990 su ne suka kori kafireta daga sababbin motoci. Tun da a wancan lokaci daga can yawancin motocin da ake saukewa a Kwatano da Lome suke fitowa, canjin ya iso Damagaram ba tare da an yi shawara da kowa ba.

Ƙofar iskar nan wani gajeren bututu ne na alminiyo, tsakanin matatar iska da jikin inji. Ɗan ya rasa sunan da zai ba shi, sai uban ya dube shi ya ce ai maƙogwaro ne. Suna ya zauna. A cikin maƙogwaron akwai wani ɗan faifai na ƙarfe da ke juyawa a kan sanda: in an taka totur ya buɗe, in an saki ya rufe. Faransawa da malam-buɗe-littafi suke kwatanta faifan, shi ya sa makanikan da suka koyi sana'a da Faransanci ke ce masa papiyon. Dattijon ya yi dariya da ya ji haka, ya ce sunan ya fi dacewa a Hausa, tun da aikinsa ke nan, buɗewa da rufewa.

Sai tambayar da ke kan gaba: in faifai ya rufe, ta ina inji ke numfashi a tsaye? Amsar ita ce akwai ɓarauniyar hanya da ke kewaye faifan, a bakinta kuma akwai wani ɗan bawul da ƙwaƙwalwar mota ke sarrafawa da lantarki. Shi ne bawul ɗin silo. Da sanyin safiya yakan buɗe sosai, inji ya haura juyi 1,000 a minti har ya ɗumama, sannan ya rage, inji ya zauna wajen juyi 700 zuwa 800. In aka kunna fitilu ko na'urar sanyi, ko aka murɗa sitiyari a tsaye, nauyi ya ƙaru a kan inji, sai bawul ya ƙara buɗewa kaɗan don kada ya mutu. Aikin da dattijon ya yi shekaru yana yi da kunne da sukudireba, shi ne wannan ɗan bawul ke yi sau da yawa a cikin minti guda.

Dattijon ya tambayi abin da ke toshe wurin da mai ba ya bi. Tambaya ce mai kyau, domin a irin wannan inji nozul suna fesa fetur ne can ƙasa, kusa da bakin silinda, bayan iska ta wuce maƙogwaro. Man kwalba yana iya ɓata famfo da nozul, amma ba shi ke ƙazantar da faifai ba. Dattin daga wuri biyu yake. Na farko tururin baƙin mai ne. Kullum inji na aiki, wani ɗan hayaƙi yakan kuɓuce ta gefen fistin ya gangara inda baƙin mai yake, kuma maimakon a sake shi waje, akwai tiyo da ke mayar da shi hanyar iska don ya ƙone. Yana tafe da maiƙo, kuma tsohon inji ya fi sabo fitar da shi. Na biyu ƙura ce. Iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, Damagaram kuwa tana kan hanyarta. Ƙurar tana da laushi kamar gari, kuma in matatar iska ta tsufa, ko an yi ta busa ta da iska mai ƙarfi har ta yage, ko tiyon ya tsage, sai ta samu hanya. Maiƙo da ƙura in sun haɗu sai su zama baƙin danƙo, irin kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa. Danƙon yakan zagaye bakin faifai, ya cushe ɓarauniyar hanya, ya riƙe bawul ya hana shi motsi da sauri. A guje ba a jin komai, tun da ƙofa a wangale take. A tsaye ne ƴar hanyar ke zama ita ce duka numfashin.

Ranar Asabar da hantsi suka fitar da motar ƙofar gida, ƙarƙashin bedi, nesa da madafa da murhu, domin ruwan wankin da ke cikin gwangwanin feshi yana kama wuta nan take, kuma shaƙarsa a rufaffen wuri yana cutarwa. Inji a sanyaye yake tun daren jiya. Kayan aikin ba su da yawa: sifana lamba 10 da lamba 12, sukudireba, filaya, tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu tsabta, sabon gaskit, da gwangwanin da aka rubuta a jikinsa cewa na wankin maƙogwaron inji ne. Ɗan ya nace a kan wannan, domin wasu motocin an shafe cikin maƙogwaronsu da wani siririn rufi da ruwan wankin kafireta mai kaifi ke iya ci. Kafin a taɓa komai ya ɗauki hoton wurin da wayarsa ta kowane gefe, don kada a rikita tiyo wajen mayarwa.

Dattijon ya cire kan batir na baƙar waya, ya sassauta maɗauri, ya zare babban tiyon iska. Da ya murɗa faifan da hannu ya leƙa, sai ga baƙin zobe ya kewaye wurin da faifai ke kwanciya, kauri kamar an shafa kwalta. A nan idonsa ya kai kan wani ɗan sukuru a gefe, wanda aka ɗiga wa fenti. Hannunsa ya riga tunaninsa kai wa sukudireba.

"Baba, ku dakata," in ji ɗan. "Wannan ba na silo ba ne. Shi ne ke tare faifai don kada ya cije a jikin bututu. Tun daga masana'anta aka saita shi."

"Kai Auta, ni za ka koya wa sukuru?"

"Wane ni, Baba. Amma in kun murɗa shi, ƙwaƙwalwar za ta ga iska ta ƙaru ta rufe bawul, ku kuna buɗewa ita tana rufewa."

Dattijon ya yi shiru, ya dubi fentin da kyau, ya ajiye sukudireba. Ya gane maganar, domin ya san abin da ke faruwa in direba biyu suka kama sitiyari ɗaya. Haka kuma ɗan ya nuna masa wata baƙar na'ura a ƙarshen sandar faifai, mai gaya wa ƙwaƙwalwa gwargwadon buɗewar totur, ya ce ita ma ba a kwance ta, ba a jiƙa ta.

Daga nan aiki ya koma hannun mai shi. Ya zare soket-soket na lantarki a hankali, domin robarsu ta bushe da zafi, tana iya karyewa. Ya cire wayar totur. A ƙasan maƙogwaron ya tarar da ƙananan tiyo biyu ɗauke da ruwan lagireto, ya yi mamakin abin da ya kawo ruwa hanyar iska. Ɗan ya duba littafi ya ce don ɗumama wurin ne, kada ƙanƙara ta kama faifai a ƙasashe masu tsananin sanyi. Dattijon ya ce to, a Damagaram dai sai dai su huta. Ya matse su, ya zare, ya toshe bakinsu don kada ruwa ya tsiyaye. Sannan ya kwance notuna da ƙusoshin da ke riƙe da maƙogwaron, ya ɗauke shi, ya cusa tsumma mai tsabta a bakin inji don kada wani abu ya faɗa ciki.

Bawul ɗin silo a ƙasan maƙogwaron yake, da sukurori masu laushin kai, waɗanda shekaru suka sa suka cije. A nan ne gwanintar dattijon ta yi rana. Ya zaɓi sukudireban da ya zauna daram, ya ɗan buga bayansa da guduma sau biyu, ya danna da nauyin jikinsa kafin ya murɗa, duka suka fito ba wanda ya lalace. Littafin bai faɗi wannan ba, kuma da ɗan ne ya yi, da ya cinye kan na farko. Cikin bawul ɗin ya cika da baƙin danƙo, ƴar ƙofar da ya kamata ta riƙa juyawa da taɓawar yatsa ta yi nauyi. Suka riƙe shi ta yadda ɓangaren lantarki ke sama, ruwan wanki na gangarawa ƙasa, suka fesa, suka jira danƙo ya jiƙa, suka goge da buroshi, suka sake, har ƙofar ta koma juyawa sakayau. Maƙogwaron ma haka: a fesa a tsumma, a goge gaba da bayan faifai, da gefensa, da zoben da ke jikin bututu, da bakin ɓarauniyar hanya. Ba wuƙa, ba waya, ba takardar yashi, domin ƙarzar alminiyo tana buɗe giɓin da ba ya sake rufuwa. Suka shanya komai a inuwa har ya bushe sarai.

Wajen mayarwa an sa sabon gaskit, an ɗaure notuna kaɗan-kaɗan a gicciye don murfi ya zauna daidai, an bar wa wayar totur ɗan sako-sako, an mayar da tiyo da soket bisa hoton da aka ɗauka, an cika ruwan lagireto. Matatar iska kuwa da suka ɗaga ta ga rana sai suka ga haske na ratsa ta ta wata ƴar yaga, aka aika aka sayo sabuwa. Da aka tayar da inji bai kama nan take ba, da ya kama kuma ya ɗan yi hayaƙi, ya tsaya sama da inda ya saba. Dattijon ya ɗaure fuska. Ɗan ya ce a ba ta lokaci: ƙwaƙwalwar ta daɗe tana buɗe bawul fiye da kima don ta cike gurbin datti, cire batir ya sa ta manta, yanzu sai ta sake koyo. Suka bar ta tana aiki ba wanda ya taɓa totur har fanka ta kama ta saki, sannan suka kunna fitilu da na'urar sanyi na ƴan mintoci, suka kewaya gari suna tsayawa a kowace mararraba. Allura ta sauka ta zauna wuri ɗaya. Ranar Litinin yara shida suka isa makaranta kafin a buga ƙararrawa.

Ba kowace mutuwar mota a tsaye wanki ke magancewa ba. Tiyon da ya tsage yana shigar da iskar da ba a lissafa ba, fulogin da ya gaji, na'urar auna zafin ruwa da ta lalace, ko bawul ɗin da wayarsa ta ƙone, duk suna iya kawo irin wannan alama. Motocin da ake jona wa na'urar bincike sukan nuna lambar P0505 in tsarin silo ya samu matsala, amma lambar tana nuna unguwa ce, ba ta nuna gida. Sannan yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 ba su da wayar totur, ba su da bawul ɗin silo ma sam. Ƙaramin injin lantarki ne ke juya faifan, shi ne kuma ke riƙe silo. Irin waɗannan ba a tura faifansu da ƙarfi, ba a sa yatsa a ciki makulli na kunne, kuma wasunsu sai an sake saita su da na'ura bayan wanki. Wanda bai tabbatar da irin motarsa ba, gara ya tambaya kafin ya kwance.

Ga ɗalibin Hausa, akwai abin lura a kalmomin da suka gudana ƙarƙashin bedin nan. Kashi ɗaya aro ne daga Ingilishi, wanda ya shigo ta kudu: totur, silo, fulogi, sifana, lagireto. Kashi na biyu daga Faransanci: ralanti, buji, papiyon, da tiyo, wadda ta tsallaka iyaka har ta zama ta kowa. Duka sun bi ƙa'idar harshen, an raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, an daidaita su da bakin Bahaushe. Amma kalmar aro tana ba abu suna ne kawai, ba ta faɗin aikinsa. Mutum yana iya shekara ashirin yana cewa totur bai san iska yake buɗe wa ƙofa ba, ko da yake a harshen da aka aro ta kalmar dangin maƙogwaro ce. Kashi na uku, wato maƙogwaro, faifai, ɓarauniyar hanya, ƙwaƙwalwa, kunkunniya, su ne suka ɗauki bayanin, domin kowace ta zo da hoton da mai sauraro ya riga ya sani daga jikinsa ko daga gidansa. Da su ne dattijon ya gane dalilin da zai sa ya bar sukurun nan, abin da umarni kaɗai ba zai sa ya yi ba.

Ba a zauna an tsara kalmomin nan ba, bukata ce ta fito da su a bakin mutum biyu da kowannensu ke riƙe da rabin sani. Wasu za su tsaya a gidan, wasu za su bi tasha su yaɗu, kamar yadda na zamanin Fijo suka yaɗu. Wanda ke nazarin yadda Hausa ke karɓar sababbin abubuwa zai amfana in ya ajiye ƙamus na yini ɗaya, ya je gareji da littafin rubutu, ya zauna kusa da mai gyara a lokacin da yake yi wa mai mota bayanin abin da ya lalace.